Motar Baba Ta Tashi, Yaya

Zuwa ga yayana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan wasiƙa za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da 'yan uwanka sojoji da ke dajin nan tare da kai. Mu a Roni lafiya lau, damina ta yi albarka, geron bayan gida ya fi ni tsawo. Na san babu sabis a inda aka kai ku, shi ya sa na ajiye wasiƙar a shafina na sada zumunta, duk ranar da ka shigo gari ka kunna waya sai ka tarar da ita. Masu leƙe kuma ku yi haƙuri, da yayana nake.

Bari in fara da albishir don hankalinka ya kwanta: motar Baba ta tashi. Na san ba ka ma san ta taɓa mutuwa ba, to zauna ka ji.

Ka tuna yadda Baba ya koma bayan da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyarin babbar mota, yana ɗauko gyaɗa da gero daga Babura zuwa Kano, sai ga shi an ba shi ƙwallon roba wai ya riƙa matsawa don hannun ya motsa. Ka san abin da ya yi da ƙwallon. Har yau tana kan rufin ɗakin awaki.

Sai ka zo hutu da kwamfutarka, da sitiyarin roba mai abin takawa, ka ɗaure shi a teburin Inna, ka sa masa gem ɗin tuƙin manyan motoci. Da farko cewa ya yi, “Ni za a mayar yaro da furfurata?” Amma da ka ƙara sauti ya ji ƙugin injin, sai ya ce a matso masa da kujera ya ga shirmen da ake yi. Kafin hutunka ya ƙare, hannun da ya ƙi ƙwallo ya fara kama sitiyari.

Bayan tafiyarka abin ya zama aikinsa. Yana karyawa zai ce a kai shi tasha, wato gaban teburin. Ba ya tada mota sai ya yi bismillah. Garuruwan Turawan da ke ciki duk ya raɗa musu suna, wannan Gwiwa, wancan Achilafiya, mai gadar nan kuma Babura. Kullum ƙorafinsa ɗaya, wai wace irin hanya ce wannan da za a yi tafiyar yini ba a ga ko akuya ta gitta ba. Ya yi ta dakon kaya har ya samu motar kansa a ciki, ya yi mata fenti shuɗi irin na tsohuwar motarsa. Yatsunsa suka saki, Yaya, har maɓallin rigarsa shi yake sa wa kansa.

To ana nan sai gem ɗin ya fara tsiya. Yana cikin tafiya hoton zai tsaya cak, sautin ya riƙa kakari, sai a gan mu a waje. Da farko yakan yi nisa kafin hakan ta faru. Sannu a hankali tafiyar ta riƙa gajarta, har ta kai ana danna shi, kafin ya gama buɗewa kwamfutar gaba ɗaya ta ɗauke wuta. Sauran abubuwa kuwa suna yi lafiya lau, har jarrabawar ɗalibaina nake bugawa a kanta.

Hakan ya zo daidai da lokacin da wayarka ta daina shiga. Ranar da gem ɗin ya ƙi buɗewa sam, Baba ya daɗe yana kallon baƙin gilashin, sannan ya ce, “Mai ita ya yi shiru, ita ma ta yi shiru.” Ya ce a mayar da shi ɗaki. Tun daga ranar bai ƙara neman tasha ba. Ya juya fuska bango, abinci sai an yi da gaske, yatsun da muka sha wahala suka buɗe suka fara dunƙulewa. Na yi masa bayani har na gaji cewa na'ura ce kawai, ba ta san gaibu ba. Ya ce ya sani. Amma na ga tsoro a idonsa, kuma ba zan ɓoye maka ba, ni ma ya fara shigata.

Ka san ni malamar firamare ce, iyakar sanina da kwamfuta buga takarda. Amma ka kuma san taurin kaina. Abu na farko da na yi shi ne abin da kake yawan faɗa mini: “Kafin ki taɓa komai, ki kwafe.” Na lalubo inda gem ɗin ke ajiye tafiyar Baba, na kwafe a filashi, na ƙulle a bakin ɗankwali. Sannan na kashe na kunna. Na goge bidiyoyin bikin ƙawayena duk, wai ko cikinta ne ya cika, na bar maka tafsirinka ban taɓa ba. Na sayi data na ɗauke ta zuwa gindin tankin makarantarmu, inda sabis ya fi kamawa, na sabunta duk abin da ta ce a sabunta, har da manhajar da ke kula da hoto.

Na tambaya a nan shafin ma, kuma Allah ya saka wa waɗanda suka amsa. Wani ya ce in rage kyawun hoton, na rage har motar ta koma kamar zanen ɗan aji biyu. Wani ya ce in cire gem ɗin in sake sa shi, na yi. Wani kuma ya ce mace da gem ina ruwan wani da wani, shi dai na bar shi da halinsa. Duk wannan bai hana komai ba. Abu ɗaya na lura da shi: da sanyin safiya gem ɗin kan ɗan buɗe ya yi numfashi kafin ya mutu, da rana kuwa ko ƙofar ba ya kaiwa.

Ranar Asabar na naɗe ta a zani, na hau mashin zuwa Kazaure, na shiga shagon wani mai gyara. Bai gama jin bayanina ba ya ce a wanke ta tas a sake zuba komai. Na ce masa ai na riga na sake zuba gem ɗin, kuma kwamfutar yayana ce, ba wanda zai wanke ta ba da izininsa ba. Ya ce to Hajiya me kika zo yi. Na ce ya kunna kawai mu gani tare.

Ya kunna, ya danna gem ɗin, fankar ciki ta fara gurnani. Shagon nan ba abin da ke tashi sai hayaƙin janareto da ƙaurin dalma, amma sai na ji ƙamshin gidanmu. Na kai hancina gefen da iska ke fita. Yaya, turaren wutar Inna ne, mai kajiji da sandal ɗin nan da take haɗawa da hannunta. A gida ban taɓa lura ba, don ko'ina haka yake ƙamshi. Iskar kuma ɗan kaɗan ce ke fitowa, ga zafi, ƙasan kwamfutar ba ya taɓuwa.

Na ce ya buɗe ta. Ya ɗaga murfin, muka leƙa. Fankar ta daskare da wani baƙin danƙo, ramukan iskar sun toshe, ga zare-zare kore manne a jiki. Na gane zaren nan take, na sallayarka ce mai laushi, wadda kullum kwamfutar ke zaune a kanta. Ashe zafi ne ke kashe ta. Buga takarda ba ya wahalar da ita, amma da gem ɗin ya nemi ƙarfi sai ta ɗau zafi, ba hanyar fita, sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ya sa buroshi ya wanke fankar, ya sake shafa mata man nan mai ruwan toka a inda zafin ke taruwa, ya rufe. Na mayar da tafiyar Baba daga filashi. Shuɗiyar motar ta fito tana jira, na ja ta a shagon har na gaji, na afka da ita rami, ba ta mutu ba.

A kan mashin da zan dawo ina ta dariya ni kaɗai, har ɗan acaɓan ya waiwayo ya tambaya ko lafiya.

Na tarar da Inna a madafa tana tankaɗe. Na ce Inna, turare ne ya toshe kwamfutar Yaya. Ba ta ɗago ba. Ka san ta da kunyar ɗan fari: tun da nake ban taɓa jin sunanka a bakinta ba, kuma tun da wayarka ta ɗauke ba ta tambaye ni ko sau ɗaya ko an ji daga gare ka. Har haushinta na ji a raina, na ce wannan wace irin dauriya ce. Sai da ta gama tankaɗen ta ce, “Kayan mutum ai ba a bari su yi warin ɗaki.”

A hankali na ji sauran. Baba ba ya yarda a kashe kwamfutar in zai yi azahar, wai ba a kashe mota da kaya a tsakiyar hanya. To da ya tashi, ni kuma ina makaranta, sai Inna ta zo da kaskonta, ta ajiye shi kusa, ta lulluɓe su da mayafi yadda take turara kayan Sallah, fankar kuma tana ta zuƙa. Sallayar ma ita ta shimfiɗa, wai ba za a ajiye abinka a kan katako tsirara ba. Kullum take yi, tun ranar da ka tafi. Na shigo da niyyar faɗa, sai na tsinci kaina zaune a kan turmi ina share hawaye. Na dai roƙe ta ta bar kwamfutar ta sha iska. Ta ce to, ta ce in miƙo mata murfin tukunya.

Baba kuwa na same shi yadda na bar shi, fuska a bango. Na jawo teburin har ƙofar ɗakinsa, na ɗaura sitiyarin, na ƙure sauti, na tada motar. Na taka ta da gangan har injin ya yi kururuwa. Ba a jima ba na ji muryarsa: “Ke, ba a taka mota haka da sanyinta. Tashi.”

Na taimaka masa ya zauna. Hannun hagun ya yi nauyi, sai da ya ɗora shi da na dama. Ya yi bismillah ya ja. Ina tsaye a bayansa, ina jiran hoton ya tsaya. Ya wuce Gwiwa, ya wuce Achilafiya, ya haye gadar, ya sauke kaya a Babura, ya yi fakin ɗin da ko fenti bai goga ba. Sannan ya tambaya ko akwai sauran tuwo.

Yana cikin ci ya ce in rubuta maka. Ga saƙon yadda ya faɗa: “Ki gaya masa ranar da zai dawo kada ya hau mashin daga Kazaure. Ni zan je in ɗauko shi.” Ni da shi mun san ba mu da mota, kuma likita bai ba shi izini ba. Amma tun da ka yi shiru, wannan ne karon farko da wani a gidan nan ya ambaci ranar dawowarka da baki. Na ce masa to, zan faɗa. Ga shi na faɗa.

Na sani fankar kwamfuta ba ta ba da labarin wanda ke daji. Har yanzu in waya ta yi ƙara gabana faɗuwa yake. Amma Baba yana ci, yana tuƙi, yana jiranka a zaune, kuma wannan ya sauke mini nauyi mai yawa. Ina kewarka ƙwarai, Yaya.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kare ka da waɗanda ke tare da kai. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya ba Inna ladan haƙurinta, ya dawo mana da kai da ƙafafunka, ka tarar da su biyun suna raye. Amin.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Rukayya