Kwalayen da na hana su hawa jirgi

Assalamu alaikum, Yaya Habu.

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ƙaninka Nasiru ne daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Na san ba za ka karanta wannan ba. Amma mutanenmu na unguwar Sanyuanli za su karanta, kuma ina so su ji da kyau.

Sun daina amsa sallamata, Yaya. In na shiga gidan abincin da muke haɗuwa bayan Juma'a, sai hira ta mutu.

Ba ka san sana'ata ba, don ka tafi ina makaranta. Kayan 'yan kasuwa nake haɗawa a kwantena in tura Legas. Wancan watan Alhaji Ɗanliti, babban dillalin takalma daga Kano, ya kawo kayansa daga kasuwar Zhanxi Lu. Muna cikin lodi na ɗaga wani kwali, na ji warin da ba na roba ba. Warin albarushi. Na yanka. Nokawut ne, irin wanda yara ke fasawa a ƙarshen shekara, an jera shi fal an rufe da silifa. Na yanka na gaba, shi ma haka.

Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba ɗana, abin wasan yara ne fa. Kowa haka yake yi." Lawban, wato maigidan siton, yana ta murmushi, wai ba matsala. Na ce masa meyo da yarensu. Babu. Ba a kwantenata ba.

Ka tuna zuwanka gida na ƙarshe daga tashar jiragen ruwa ta Apapa? Inna ta ce hankalinta bai kwanta da aikin ruwan nan ba. Ka yi dariya ka ce, "Inna, ni fa kuku ne. Albasa kawai nake yankawa, me zai same ni?" Ba wanda ya gaya maka cewa a ƙarƙashin kicin ɗinka an loda nakiyar fasa dutse da akwatunan harsashi. Wuta ta tashi kuna dab da gaɓa, jirgin ya tsage ya nutse. Ko hularka ba a kawo mana ba. Sallar gawa muka yi a ƙofar gida, babu gawa a gabanmu.

Da na girma na je wurin. Wani masunci ya ɗauke ni a kwalekwale, ya tsaya can nesa, ya nuna mini wani ƙarfe da ya leƙo daga ruwa. Na roƙe shi ya matsa, ya ƙi. Ya ce ragowar kayan na nan a ciki suna tsatsa, kuma raga ta taɓa jawo guda, ta tafi da hannun maƙwabcinsa. Kabarinka ke nan, Yaya. Ko kusa da shi ba a iya zuwa.

Alhaji ya kwashe kayansa ya kai wa wani mai haɗa kaya, aka loda, aka rufe, aka wuce da su tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Na hau tasi na bi su. Na shiga ofishin kamfanin jirgin na faɗi abin da ke ciki, da bakina, na ba su sunana. Ta taga ina hango ma'aikatan jirgin suna shanya wanki a kan igiya, ba su san komai ba. Aka sauke kwantenar kafin jirgin ya tashi.

Yanzu cewa ake na tona wa dattijo asiri a ƙasar mutane. Wani ya tare ni a bakin masallaci ya ce in kula da bizata. Yawancin masu ba ni kaya sun watse.

To su sani, ba zan ba da haƙuri ba. Ko dattawan gari duka za su taru a ɗakina, amsata ɗaya ce. Duk wanda ya sake cusa wuta cikin takalma ya tura ta teku, in na ji, zan sake hawa tasi. Su kore ni daga ƙasar nan in za su iya. Kano ba ta ƙaura ba.

Inna na nan, ta tsufa sosai. Na ba ta labari a waya. Sai ta ce, "Ka ci abinci kuwa?"

Gobe ina da lodi. Dilolin riguna ne daga kasuwar Shahe, na wani mutumin Maraɗi. Shi da kansa ya ce in kwance kowanne in duba. Zan kwance.

Allah ya jiƙanka, Yayana. Ya sa ruwan nan ya zame maka sanyi, ya karɓe ka cikin shahidai. Ya tsare duk wani ɗan uwa da ke kan teku bai san abin da yake kwance a kai ba. Amin.

Ƙaninka da ke kewarka,
Nasiru