Wa Ke Minshari a Gidanmu

Litinin, 3 ga Maris, 2025
An gano ciwon Baban Debby! Ashe ba lalaci ke sa maigidan nawa gyangyaɗi a coci da bakin shago ba. Likita ta ce maƙogwaronsa ne ke toshewa cikin barci, numfashi ya tsaya, ya yi ta farkawa bai sani ba. An ba shi na'ura mai hura iska. Ni kam tun a cikin keke zuwa gida Narayi nake tsara yadda zan koya wa 'yan ajina wannan.

Alhamis, 6 ga Maris
Gida shiru, babu minshari. Ya tashi garau, har da share tsakar gida.

Talata, 11 ga Maris
Darasi ya yi daɗi. Na zana maƙogwaro a allo, na matse bututun roba don su ji yadda iska ke wahalar wucewa. Kevin ya kwaikwayi minsharin babansa, aji ya ɓarke da dariya. Sai Hephzibah ta ɗaga hannu.
"Malama, mata fa?"
Na ce ai yawanci maza ne ke gyangyaɗin.
"Ko dai matan ba a barinsu su zauna ne balle su yi?"
Ina son yarinyar nan.

Juma'a, 14 ga Maris
Na raka shi asibiti, na kai tambayar Hephzibah. Likita ta ce mata da yawa ba barci suke ƙorafi ba. Gajiya ce, ciwon kai da safe, saurin fushi. Sai su sha maganin zazzaɓi su ci gaba da aiki. Kuma wace mace ce za ta yarda tana minshari? Dole in kai maganar nan Zumuntar Mata ta cocinmu. Mu da muke tsaye da waƙa da kiɗan tulu har a tashi taro, yaushe za a gan mu muna gyangyaɗi? Maza ne zaune a benci.

Lahadi, 16 ga Maris
Muna shan shayi ya ce, "Maman Debby, tunda nawa ya yi shiru nake jin naki."
"Nawa me?"
"Kina ja, kina ja, sai ki tsaya cak. In yi ta jira."
Na ce ƙarar na'urarsa ce. Bai yi musu ba. Shayin ma bai shanye ba.

Litinin, 17 ga Maris
Ciwon kan nan ai na daɗe da shi. Ƙurar alli ce da surutun yara.

Alhamis, 20 ga Maris
An sa mini ranar gwajin barci. Don in iya bayyana wa yara yadda ake yi ne kawai, malami bai kamata ya koyar da abin da bai gani ba. Zan ma roƙi a bar ni in ɗauki hoton wayoyin da za a manna mini a jiki.
Na dai ce wa Baban Debby, kafin ranar, in ya ji na tsaya kada ya jira. Ya taɓa ni in farka.