Fitilar Da Ta Ƙi Mutuwa Da Rana Tsaka

Zuwa ga Raudatu, sanyin idanuna, inuwar darbejiyata a tsakiyar bazara, ruwan randar da ke kashe ƙishin zuciyata,

Yau kwana huɗu kin ƙi ɗaukar wayata! Wai ƙawarki Fanne ta gan ni ranar Lahadi a hanyar Danchuwa, rana tsaka, fitilun mota a kunne, ta ce lallai amarya na ɗauko. Haba, farin watana! Ni da ko shayi ba ya wuce mini a maƙogwaro sai na tuna murmushinki?

Fanne ba ta yi ƙarya ba, a kunne suke. Amma ki ji yadda aka yi. Motar nan 'yar Kwatano da na saya wayo gare ta: da kanta take kunna fitila idan duhu ya yi, makunninta ma ba shi da wurin kashewa. Tun ranar Juma'a ta birkice. Rana na narka kwalta, ita kuwa ta dage dare ne. Masu Keke suna ta yi mini alama da yatsu, wani dattijo a Ngojin har ya tsaya yana salati, ya zaci gawa na ɗauko.

Na kai ta wurin Bubayaro mai gyaran wayar mota. Ya zare fiyus, lafiya lau. Ya ɗaure kan batir, ya kwance makunni, ya kwanta ƙarƙashin sitiyari har rigarsa ta jiƙe sharkaf, fitila na nan tana harararsa. Da ya gaji, sai ya janyo ƙyallen da ke shimfiɗe a gaban gilashi zai share gumi. Nan take ta mutu!

Kin tuna ƙyallen? Wanda kika saƙa da shuɗin zare, kika miƙo mini ta taga ranar Juma'ar a ƙofar gidanku, kanki a sunkuye, wai kada rana ta ci mini mota? Ashe a gindin gilashin akwai wani ɗan ido kamar ƙwayar gyaɗa, shi ke gaya wa mota gari ya waye. Kyautarki ce ta rufe shi ruf.

Bubayaro ya ce in cire ƙyallen, ko in huda shi da almakashi. Almakashi a kan abin da yatsunki suka taɓa? Wallahi na ƙi. Na fizge abina, na mayar inda yake, fitilu suka dawo. Gara garin nan kaf ya yi mini dariya.

Amma shirunki ne ba zan iya ɗauka ba, Raudatu, kewarki ta hana ni sukuni. Ki ɗauki waya, ki zo da allurarki ki buɗe wa ɗan idon nan ƙofa da hannunki. Ki kuma gaya wa Fanne, bayan wannan sau ɗaya tak zan sake kunna fitila da rana tsaka, kuma ranar ke ce a kujerar baya, cikin lulluɓi.

Naki ke kaɗai, har numfashina na ƙarshe,
Muhsin