Zan Murɗa Masa Saitin Bindiga Ranar Juma'a

Anti Husaina dan Allah ki taimakeni kafin in aikata abinda zuciya ke kitsamin, dan wallahi na riga na gama shiri.

Ni direba ne a wani gida a unguwar Mohandessin ta Alƙahira, ina kwana a unguwar Faisal. Ba yabon kai ba, duk Alƙahira babu mai shiga lungu da mota kamata, direbobin ƙananan bas na haya, ƴan mikrobas, ma gaisheni suke. Kuma jikan mafarauta ne ni daga Ningi, kakana kura na jin tarinsa take canza unguwa.

Maigidana yana zuwa wani nadi, wato kulob, inda ake harbin takarda da bindigar iska. A zaune akeyi Anti, kan tebur, a ɗora bindiga kan jakar yashi kamar jaririya. Ranar farko saida nayi dariya har da hawaye. Anan wani dattijo Ammu Jibrin, Bahaushen Sudan, yaji ina waya da Hausa ya kirani. Nace masa ni jinin harbi ne, yace yalla zauna. Harbi biyar nayi, takarda ko ƙwarzane.

Wata shida yana koyamin da bindigarsa, duk ranar hutuna. Kada in rungumeta, kada in fizgi kunama, in kalli ƙyallen dake nuna iska, in jira. Ni da bana iya jiran shayi ya huce. Amma na iya, tamam, har Misirawa na leƙo takardata.

Sai gasar farko tazo. Ammu Jibrin ya bani bindigar in ajiye, da ita zan shiga. Mu a gida ba'a fita da bindiga a bushe, raini ne. Na samu man keken ɗinki na ɗura mata ta baki har saida tayi ƙyalli, dan in burgeshi. Harbin farko da nayi tayi ƙara kamar tayar tirela ta fashe, hayaƙi ya tashi, aka tsayar da kowa. Ammu Jibrin ya wankeni tas da Hausa, bai isheshi ba ya sake fassarawa da Larabci dan kowa ya samu rabonsa. Yanzu har mai gadi ma kirana yake Abu Zeit, wai uban mai. Dattijon ya karɓe bindigar ya baiwa wata ɗaliba Reem take koyo da ita, ni kuma yace wata biyu sai kallo.

To ga shirina. Juma'a akwai babbar gasa, zai shiga da kansa, yace itace ta ƙarshe dan idonsa ya fara hazo. Har yau ni nake ɗaukar masa akwatin bindigar zuwa mota. Zan murɗa madubin saitin sau huɗu hagu, khalas, shikenan. Ya zauna da rawaninsa yayi ta harbin iska, ni kuma in tsaya baya in fassara wa jama'a da Larabci. In yi ko in bari?

Naki, Sarkin Bakan Faisal

Sarkin Baka,

Ka bari.

Zan fara da inda kake da gaskiya. Da kyakkyawar niyya ka zuba man nan, bisa abin da ka tashi ka ga ana yi a gidanku, kuma babu wanda ya taɓa ce maka kada ka yi. Ammu Jibrin yana da damar yi maka faɗa, amma maimaita shi da Larabci a gaban jama'a ya wuce gyara, ya zama tozartawa. Wannan ya yi kuskure, kuma ya kamata ya ji daga bakinka.

Sai dai ka duba ɗaya gefen. Na tambayi wanda ya san harkar, ya ce mai da matsattsiyar iska ba sa haɗuwa lafiya, kuma ka yi sa'a da abin ya tsaya a hayaƙi. Fuskarka ce a jikin bindigar. Mai yiwuwa tsoro ne ya fito daga bakin dattijon a matsayin faɗa. Kuma mutumin da ya fitar da rai da kai ba zai ci gaba da miƙa maka akwatinsa ba.

Yanzu ga abin da shirinka zai haifar. In ya gano an taɓa saitin, ya san hannun da ya ɗauki akwatin, ka rasa malami, ka rasa nadin, wataƙila har aikinka, tunda maigidanka a can yake. In kuma bai gano ba, abin ya fi muni: ba kai zai zarga ba, idonsa zai zarga. Zai tashi daga teburin nan yana ganin ya gama yawo, ya tafi da wannan har ƙarshen ransa. Kai an yi maka dariyar ɗan lokaci ne. Ramuwar ta fi laifin girma nesa ba kusa ba.

Kafin Juma'a ka same shi shi kaɗai. Ka ba shi haƙuri kan bindigar, sannan ka gaya masa a fili cewa fassarar nan ta yi maka ciwo. In ka san hannunka zai yi ƙaiƙayi, ka ce wani ya ɗauki akwatin ranar. Wata biyun kallon kuma ka yi su da ido buɗe, ka bar Reem ta yi karatunta, ba ita ta zuba man ba.

Allah ya ba Ammu Jibrin sa'a ranar Juma'a, ya sanyaya maka zuciya, ya sa in ji labarin ka zauna kan teburin nan da hannu mai tsabta.

Anti Husaina