Palanto a Takarda, Mai Horarwa a Fili

Zuwa ga Mai Girma Mushe Darakta,
Shugaban kwalejinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina fatan kuna lafiya, ku da iyali, da kuma baƙunta. Allah shi ƙara girma.

Ni ne Hassan Garba na Bazaga, wanda 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, ke kira Kaparal. Kun san fuskata, don ni ke buɗe muku buro, wato ofis, kowace safiya tun wata uku da anka kawo ku. Na rubuta wagga takarda da Hausa saboda Faransancina na bariki ne, ya dace da tsawa, bai dace da ladabi ba. Na kuma bar ta a buɗe, na yi ta kwafi uku, ɗaya bisa teburinku, ɗaya ga ƙofar kwaleji, ɗaya wajen shugaban iyayen yara, saboda maganar da ta sa na rubuta, gaban jama'a anka yi ta.

Ran Asabar da ta wuce, wurin bikin karɓar sabon malamin wasanni, Mushe Idi, kun tsaya gaban suparafe, babban jami'in gwamnati na yankinmu, da iyaye da yara, kunka ce ƙungiyar ƙwallon kwalejin nan ta yi shekara goma ba ta da mai horarwa, amma da ikon Allah ta ci kofi. Kun faɗa da Faransanci, tafinta ya maimaita da Hausa, don kada wani ya rasa. Ban musa ikon Allah ba. Sauran maganar ce na je buro ran Litinin in tambaya, sai kunka ce in kawo dosiye, wato takardun shaida, da zai nuna ni wane ne a harkar ƙwallo. Ba ni da dosiye. Ga abin da nake da shi.

Na ɗaya, asalina. An haife ni a Bazaga, gidan manoma. Har na kai shekara ashirin ban taɓa ganin ƙwallo ba. Da anka zo ɗibar soja zamanin Faransawa, maigari ya duba samarin gari ya ga na fi kowa tsawo, shi ke nan jarrabawar da na yi. A wani bariki kusa da Dakar, sajan ɗinmu ya duba ya ga abin da maigari ya gani, ya tsai da ni tsakanin itace biyu, ya ce duk abin da ya zo in hana shi wucewa. Abin ya zo, na hana shi, ƙaramin yatsana na dama ya karye. Har yau a karkace yake, kuna ganinshi duk sanda na miƙa muku takarda. Shekara bakwai ina tsaron gida a ƙungiyar bariki. Mai tsaron gida yana da lokacin kallo, kuma daga baya yake ganin kowa. Can na koyi inda ake tsayawa, da inda rago ke ɓoyewa. Can kuma na koyi karatu, gwargwadon abin da kuke gani.

Na biyu, yadda na shigo kwalejin nan. Bayan an sami 'yancin kai na dawo gida, na yi damina biyu a gonar mahaifina, sannan na tafi Malbaza da anka fara aikin masana'antar siminti. Ina cikin masu ɗora buhu a kamyo, wato babbar motar kaya. Ran Lahadi ba aiki, maza sai karta da faɗa, sai na tara su munka yi ƙungiya. Wata rana anka gayyace mu wasa da 'yan kwalejin nan. Mun ci su har alƙalin wasa ya busa tashi kafin lokaci, don tausayi. Ina wanke ƙafa bakin rijiya sai tsohon darakta, mutumen Damagaram, Allah shi jiƙanshi, ya zo ya tsaya kaina. Ya ce yana son in zo in koya ma yaranshi abin da na koya ma 'yan dako. Ya ce a takardun gwamnati babu gurbin mai horarwa, gurbin palanto kawai ke akwai, wato ɗan aike mai share buro da buga ƙararrawa. Ban manta kalmominshi ba: "Mu rubuta palanto, Kaparal. Wanda ke da ido zai ga sauran." Na yarda. Albashin bai kai na Malbaza ba, matata Hajo ta yi mako guda tana ba ni tuwo ba magana.

Na uku, filin. Inda kunka jera kujerun manya ran Asabar, gonar ƙarangiya ce da na zo. Rani guda munka yi, ni da yara, muna sassabe da hauya, muna kwashe tsakuwa da ƙwarya. Turakun gida bututun ƙarfe ne da wani abokina na Malbaza ya haɗa mini, na ɗauko su da amalanken jaki. Raga kuwa Hajo ce ta saƙa da igiyar rama, bayan ta huce. Awaki sun ci ta farko. Ta saƙa ta biyu, tun daga nan nake kwance raga bayan kowane wasa in kai ɗakin kaya. Ƙwallo ɗaya gare mu, in ta fashe sai in kai ma baduku a kasuwar Ƙonni. Ya ɗinke ta har ta daina zama ƙwallo ta koma kamar kabewa, duk wanda ya iya tsai da ita ya iya tsai da kowace iri.

Na huɗu, aikin da na yi. Ba zan ɓoye muku ba, shekara uku na farko ba mu ci kowa ba. Wasa ɗaya munka yi kunnen doki, shi ma don ruwa ya sauko. Yara na bin ƙwallo duka goma kamar kaji sun ga tsaba. Sai na fara ɗaure su da igiya a ƙugu, uku uku, don su koyi tazara. Wani uba ya zo ya ce ya kawo ɗanshi karatu, ga shi an mai da shi raƙumin ayari. Na ba shi haƙuri, na ci gaba.

A shekara ta huɗu munka tafi wasa Illela. Kamyon siminti ya rage mana hanya. Kafin Tajaye ya kafe cikin rairayi, munka tura har munka gaji, munka bar direba da motarshi munka taka zuwa gari, wani ɗan kasuwa ya ƙarasa da mu. Mun isa fili fari fat da ƙurar siminti, ba a gane mai lamba biyu da mai lamba tara. Mutanen Illela sunka yi dariya har wasu sunka zauna ƙasa. Ranan munka ci wasanmu na farko. Tun daga nan an ci mu, mun ci, amma ba wanda ya sake busa tashi don tausayinmu.

A shekarun fari, yaran ƙauye da ke zaune gidajen mutane a gari suna zuwa fili ba su ci komai ba tun safe. Na rage horo ya koma rabin awa, Hajo na dama kunu a babbar tukunya ana sha kafin a fara. Akwai waɗanda na san ba ƙwallo ke kawo su ba. Na rubuta su cikin 'yan jiran canji. Shekara biyu ƙungiyarmu ta fi kowace ƙungiya a jiha yawan 'yan jiran canji, kuma ba wanda ya tambaye ni dosiye.

Kofin da kunka ɗaga ran Asabar, a Tawa munka ci shi bara waccan. Ni na riƙo shi bisa cinyata har gida. Ran Juma'a kun ce palanto ya goge shi don biki. Na goge shi da toka da lemun tsami, na ɗora bisa tebur, na koma bayan kujeru na tsaya da butar ruwan sha. Daga can na ji jawabinku.

Na biyar, wanda shi ne ainihin kukana. Da ni kaɗai na ji, da na haɗiye. Soja ya saba a kira shi da lambar da ba tashi ba. Amma magatakardan buro ya ce mini za a ambaci sunana, ni kuma na yi wautar faɗa ma Hajo. Ta ɗaura sabon zane, ta zo da ƙannenta biyu daga Bazaga, sunka zauna cikin mata suna jiran inda za su yi guɗa. Ɗiyata Rakiya tana aji biyu a kwalejin nan, tana zaune cikin 'yan ajinta. Da tafinta ya ƙare, sai na ga yara suna waiwayowa suna dubana, ni da buta. Rakiya ba ta waiwayo ba. Da munka koma gida Hajo ta ninke zanen ta mai da shi cikin akwati, ta ce: "To, ni kuma ragar wa na yi ta saƙa?" Na ce mata zan tambayi Mushe Darakta. Rakiya kuwa kwana biyu ba ta zo lakwal ba, an rubuta mata ciwon kai. Ni na kai takardar ajinsu, shi ya sa na sani.

Na shida, Mushe Idi. Kada wani ya ɗauka ina jin haushinshi. Ɗan Tajaye ne, shekara huɗu yana buga mini baya ta hagu. Ya zo hannuna ƙafarshi ta hagu ba ta da aiki sai tafiya. Yanzu ya je Yamai ya karanto abin da ni ban sani ba, ya san sunan kowace jijiya a jikin mutum, kuma gwiwata ta fara gaya mini lokaci ya yi. Ba wanda nake so ya gaje ni kamar shi. Ran Asabar da la'asar ya zo gidana, ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa gabana. Na ce ya tashi, malami ba ya durƙusa ma palanto, mutane na gani. Ya ce zai je ya gaya muku gaskiya. Na hana shi, don sabon ma'aikaci bai kamata ya fara da gyara ma shugabanshi magana ba. Ni tsoho ne, in an kore ni gonar Bazaga tana nan.

Na san ba ƙarya kunka yi da gangan ba. Kun buɗe takardu, kunka faɗi abin da ke ciki. Sai dai da kun tambayi mai sai da ƙosai ta bakin ƙofa, da ta cika muku abin da ya rage, har da wasannin da anka ci mu, don ba ta manta ko ɗaya ba.

Saboda haka ina roƙo, da girmamawa:

Ɗaya, a gyara maganar inda anka yi ta. Ba sai an kira suparafe ba. Ran Litinin wurin ɗaga tuta ya isa, da Faransanci da Hausa, kamar yadda ta farko ta fita. Ban roƙi yabo ba. A ce dai akwai mutum, ga sunanshi.

Biyu, a rubuta layi guda a littafin kwaleji a sa hatimi, don daraktan da zai zo bayanku ya tarar, kada shi ma ya dogara ga abin da kunka tarar.

Uku, mabuɗin ɗakin kaya da kunka karɓa ran Litinin na kwaleji ne, ban da ja. Amma usur ɗin da ke rataye da shi nawa ne, da shi na fito daga soja. A maido mini.

Huɗu, akwai rami gab da gidan gabas da ke buɗewa kowace damina, sai an zuba amalanke biyu na jar ƙasa kafin a koma lakwal. Shi ma ba ya cikin takarda, amma yana karya ƙafa. A ba Mushe Idi izinin ɗaukar amalanke.

Aikina na palanto zan ci gaba da shi har ranar da kunka ce ya isa. Kuma kun umarce ni kada in sake shiga fili lokacin wasa, na ji, na bi. Ran Lahadi mai zuwa 'yan Madawa za su zo. Zan tsaya bayan igiya, tsakanin mai rake da mai gyaɗa, kamar kowane ɗan kallo. Ina dai sanar da ku tun yanzu cewa muryata tana kaiwa har kasuwa, kuma yaran sun saba da ita. Na tambayi wani jandarma ko akwai dokar da ta hana ɗan kallo ya gaya ma mai tsaron gida ya fito ya tari ƙwallo. Ya ce bai san da ita ba. In ku kun sani, a rubuto mini kafin Lahadi, ni zan kawo ma kaina takardar.

Allah shi ja zamaninku, shi ba ku ikon riƙe amanar ɗiyan mutane, shi sa ku gama lafiya ku koma gida da mutuncinku. Allah shi sa in kun tashi, wanda zai zauna bisa kujerarku ya tambaya kafin ya yi jawabi. Amin.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Hassan Garba na Bazaga,
Palanto.