Ganyen Marke da Ɓerayen Lokotoro

Zuwa ga Inna, bayan gaisuwa mai tarin yawa da neman gafararki.

Ni ne Issufu, ɗanki mai aiki gidan likita na Magarya. Shekara uku da rasuwarki, sai yau na iya buɗe baki.

Kin tuna lokotoro, Nasaran likitan nan da ya ji labarin maganinki na ciwon gaɓɓai? Ni na je Bande na tsinko masa ganyen marke, ban ko biyo ta wajenki ba. Ya dafa, ya ɗura wa fararen ɓerayensa, ya ɗora su kan farantin ƙarfe mai zafi don ya ga ko zai rage musu jin ciwo, ni ina duban agogo. Wanda ya sha da wanda bai sha ba, lokaci ɗaya suka ɗaga ƙafa. Ya ce ruwan banza ne, na yarda.

Na zo gida ina hura hanci, na zubar miki da tukunyar maganin a gaban matan da ke jiran magani. Ba ki yi faɗa ba. Cewa kawai kika yi, "Ganye ka kai masa, ba magani ba. Zauna in nuna maka haɗin." Wai ni mai farar riga, na ce ba ni da lokaci. Kaicona.

Inna, takwararki ce ba lafiya, 'yata Hajara. Amosanin ƙashi gare ta, irin na marigayi ƙanena, wanda ke kaɗai kike iya kwantar masa. In damina ta kama sai ta dunƙule kan tabarma tana cizon zane. Ƙwayoyin Nasara ba sa yi mata komai.

Lokotoro ya koma ƙasarsu ya bar mini ɓerayen, a kansu nake ta gwajin neman haɗinki. Na shanya ganyen a inuwa, na shanya a rana. Na sa kanwa, na sa tsamiya. Har garin Kwaya na je wajen Goggo Ladi, ta ce ba ki taɓa nuna wa kowa ba, ni kike jira. Ɓerayen nan kullum lokaci ɗaya suke ɗaga ƙafa, yanzu saura biyu.

Jiya na gaji, na ba Hajara haɗina haka nan. Ta ce ta ji sauƙi, alhali ina ganin yatsunta sun shige cikin tabarma. Shekararta bakwai, tana yi mini ƙarya don kada in ji kunya. Wallahi na rasa inda zan sa kaina.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe mini abin da na yi miki. In ana barin mamaci ya zo cikin mafarki, ki zo, Innata. Ki zage ni son ranki, amma ki faɗa mini abin da kike sawa a tukunyar.

Ɗanki da bai zauna ba,
Issufu