Yawun Baban Saurayina

Anti Lorraine, don Allah ki fitar da ni, tun ranar Asabar ko ruwa na sha sai zuciyata ta tashi.

Ni ban iya iyo ba. Saurayina Efrain da babansa Rogelio su ke kai baƙi kallon kifaye cikin kogunan dutse na bakin teku a nan San Diego, har da irina, a sa maka rigar hana nutsewa ka riƙe tayar roba su ja ka. Efrain ya matsa sai na je, wai duk wadda za ta shiga gidansu sai Baba ya kai ta kogo da kansa.

Muna tsaye a gaɓa, Baba ya gama cin kifi da ɗanyar albasa, sai ya karɓi gilashin da zan rufe fuska da shi, ya tofa yawu a ciki, ya murza da babban yatsa, ya ɗan tsoma a ruwa ya miƙo mini yana murmushi. Anti, har da kumfa! Ban san sanda na jefar da shi na ce masa ƙazami ba, gaban baƙinsa. Na ɗauki wani na wanke tas. Muna shiga kogon gilashin ya yi dishi-dishi, ba na ganin komai, ga ƙarnin kashin tsuntsaye, na rikice na shaƙi ruwa, na yi amai a jikin tayar da kowa ke riƙe da ita. Efrain kuwa dariya yake.

Daga baya yake faɗa mini yawu ne ke hana gilashi yin dishi-dishi, kowa nasa yake tofawa, Baba kuma 'yan gida kaɗai yake tofa wa. Yanzu tsohon ya ce ba zai zo ɗaurin aurenmu ba. Ina son Efrain, amma wallahi ko tunawa na yi sai jikina ya yi yar. Dole sai na shafa yawun wani a fuskata kafin a aure ni?

Mai Tashin Zuciya

'Yata, ba dole ba ne. Ni ma da na karanta sai da na ture kofin shayina. Ƙyamarki ba laifi ba ce. Laifinki kalmar nan, don mutum ya karɓe ki da abin da ya sani, kin tozarta shi a wurin neman abincinsa.

Ki sayi gilashinki. Ki je da sassafe kafin baƙi su taru, ki ba shi haƙuri kan zagin kawai, kada ki yi ƙaryar cewa abin ya burge ki. Ki tofa naki da kanki a gabansa, ki roƙe shi ya ja ki zuwa kogon. Tsohon da ya saba riƙe matsorata a ruwa ba zai yi wuyar saukowa ba.

Wanda ya fi damuna Efrain ne. Ya san al'adar gidansu bai gargaɗe ki ba, kuma kina shaƙar ruwa yana dariya. Shi ma ya bi ki ya faɗa wa babansa haka da bakinsa. In ya ƙi, kada ki yi gaggawar ɗinka rigar aure. Allah ya zaɓa miki abin da ya fi alheri.

Anti Lorraine